Yadda ake zaɓen yankin da za a leƙa a dajin gwamnati kafin farautar barewa a Fensilbaniya

Ɗan'uwa, ka rubuto cewa kana zaune a Filadelfiya, ka kammala darasin da hukuma ta wajabta wa sabon maharbi, ka karɓi lasisinka, amma da ka buɗe taswirar dazuzzukan gwamnati sai ka rasa ta inda za ka ɓullo, domin ko'ina kore ne, kuma ba ka san wani mai gona da zai ba ka izinin shiga filinsa ba. Ka ce mahaifinka maharbi ne a gida, ka bi shi daji tun kana yaro, kuma abin da kake so ka sani shi ne yadda ake tsayar da wurin da ya cancanci a taka da ƙafa a duba tun kafin lokacin farauta ya kama.

Na daɗe ina farauta a dazuzzukan wannan jiha ta Fensilbaniya da ke Amurka, kuma babban abin da shekarun suka koya mini shi ne, a dajin da kowa ke da ikon shiga, sawun mutane ake fara karantawa kafin sawun barewa. Abin da ka koya wajen mahaifinka na gane sawu da kashi da makwanci da kiyaye iska zai yi maka amfani ƙwarai, to amma shi yana shiga daji ne shi kaɗai ko da abokan da ya sani, kai kuwa ranar da aka buɗe farautar bindiga, wato Asabar ɗin da ke bin bikin godiya na ƙarshen Nuwamba, za ka shiga tare da dubban ɗaruruwan mutane a faɗin jihar, kowa sanye da riga mai launin lemo. A 'yan shekarun nan akan kashe bareyi sama da 400,000 a jihar a kowace kaka. Dabbar da ta tsira daga irin wannan shekara biyu ko uku ta riga ta san inda mutane ke bi da lokacin da suke bi, kuma ta tsara zamanta a kan haka.

Wadda muke kira barewa a nan ita ce mai farar wutsiya. Ta fi barewarmu ta Sahel girma nesa ba kusa ba, domin baligin namiji yakan haura kilo 60, kuma namijin ne ke da ƙaho mai rassa wanda yake zubarwa kowace shekara wani ya sake tsirowa. Tamu dabbar fili ce mai dogaro da ido da gudu, wannan kuwa dabbar duhuwa ce da bakin daji, mai dogaro da hanci fiye da komai. Yawancin rayuwarta a cikin fili kamar mil ɗaya murabba'i take yin ta, in ban da lokacin barbara a watan Nuwamba da maza ke yawo mai nisa. Wannan ma'auni yana da amfani, domin yana nuna maka cewa a cikin daji mai eka dubu ɗari uku, abin da kake nema 'yan ɗaruruwan eka ne kawai da za ka sani kamar tafin hannunka.

Kalmar dajin gwamnati na iya rikita wanda ya taso a wajenmu, tunda a gida gandu irin na Yankari wuri ne da aka hana farauta. A nan akwai filayen da gwamnati ta ajiye musamman domin maharba. Hukumar kula da namun daji ta jihar, wadda aka kafa a 1895, tana riƙe da sama da eka miliyan 1.5 a rarrabe cikin filaye fiye da 300, kowanne da lambarsa, kuma akasari da kuɗin lasisin maharba aka saye su. Akwai kuma gandayen dajin jiha masu eka miliyan 2.2, sai dajin tarayya na Allegheny a arewa maso yamma mai kimanin eka 500,000, sannan sassa da yawa na wuraren shaƙatawa na jiha a buɗe suke ga maharba. Bambancin yana da tasiri a kan zaɓinka. Filayen hukumar namun daji ana sarrafa su ne domin dabbobi, ana sare wasu sassa da gangan, ana ƙona wasu, ana shuka wasu, saboda haka sun fi abinci, amma sun fi cunkoson mutane. Manyan gandayen arewa ta tsakiya, irin su Sproul mai sama da eka 300,000, sun fi sarari da natsuwa, sai dai tsohon daji ne mai dogayen itatuwa, bareyin sun fi ƙaranci, mutum na iya yini bai ga wutsiya ko ɗaya ba. Ga sabon shiga, a ganina fili matsakaici mai eka 2,000 zuwa 10,000 wanda ke da gonaki ko sabuwar sara a kusa ya fi babban daji.

Kafin ka ƙwallafa rai a kan wani fili, ka duba littafin dokokin da ake bayarwa tare da lasisi, domin an raba jihar sassa-sassa kuma kowane sashe da ƙa'idarsa. Lasisin harbin mace a ɗaure yake da sashe ɗaya, adadinsa ƙayyadadde ne, kuma tun da bazara ake fara sayar da shi, don haka wanda bai tsayar da yankinsa da wuri ba yakan tarar an sayar da na wurin da yake so. Namiji kuwa, tun 2002 aka sa dokar cewa sai yana da aƙalla rassa uku a ƙaho ɗaya a yawancin jihar, kuma a wasu sassan yamma ƙa'idar ta fi haka tsanani. A gundumomin da ke kewaye da Filadelfiya dokar makami ta fi tsauri saboda yawan gidaje, a cikin gundumar Filadelfiya kanta ma baka kaɗai aka yarda da shi. Ka kuma duba ko filin ya faɗa cikin yankunan da aka killace saboda cutar nan mai cin ƙwaƙwalwar barewa, wadda aka fara gani a jihar a 2012, domin a irin waɗannan wurare akwai ƙa'ida a kan fitar da kai da ƙashin baya, kuma ya kamata a gwada dabbar kafin iyali su ci.

Sai maganar nisa daga gida, wadda mutane ke rainawa. Fili mai kyau da ke awa huɗu daga gidanka za ka je shi sau ɗaya ko biyu a shekara, matsakaici da ke awa ɗaya da rabi kuwa za ka taka shi sau goma, kuma wanda ya taka wuri sau goma ya fi wanda ya hange shi a taswira sau ɗari. Daga Filadelfiya, tsaunukan Pocono da gandun dajin Delaware na wajen awa biyu, ga kuma filayen da ke gundumomin Berks da Schuylkill. Ka zana da'ira ta awa biyu a taswira, ka fitar da filaye uku ko huɗu daga cikinta, sauran ka bar su tukuna.

Yanzu ga inda aikin yake. A farkon shekarun 2000 masana daga jami'ar Penn State sun bi diddigin maharba a dajin Sproul, daga sama ta jirgi da kuma na'urorin da maharban suka ɗauka a jikinsu, suka gano cewa kimanin kashi 87 cikin ɗari ba sa wuce rabin kilomita daga hanyar mota, kuma duk sa'ad da gangare ya ƙara tsayi maharba na ƙara raguwa. Binciken da suka ci gaba da yi daga 2013, inda suke rataya wa bareyi na'urar gano wuri a wuya, ya sha nuna dabbobin da ke komawa gangare mai wuyar hawa ko sarƙaƙiya da zarar an fara harbi, su kwanta can da rana, su fito da dare. Saboda haka idan ka buɗe taswirar hukumar ko manhaja irin onX, ka fara da sa alama a kan kowane wurin ajiye mota, kowace ƙofa, kowace hanyar da ake buɗewa lokacin farauta, da kowace tsohuwar hanyar masu katako mai sauƙin tafiya. Daga kowacce ka shafe rabin kilomita hagu da dama. Abin da ya rage bai shafu ba shi ne dajin da za ka leƙa, kuma za ka yi mamakin ƙanƙantarsa.

Sai dai kada ka ɗauka nisa kaɗai ne ke korar mutane. Tun da manhajojin taswira suka yawaita, kowa na iya ganin wurin da ya fi nisa daga hanya, kuma na sha taka mil biyu in tarar da kujerar dakon wani maharbi a maƙale a kan itace daidai inda na sa alama. Abin da ke korar mutane da gaske shi ne wahala da raini. Rafin da sai an sa dogon takalmin roba kafin a tsallaka, dausayin da ƙafa ke nutsewa, hawan da ke sa numfashi ya yi sama tun a minti goma na farko, duk suna tace mutane fiye da tafiyar mil uku a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya. Raini kuwa shi ne irin 'yar duhuwar eka goma da ke bayan wurin ajiye motoci, ko siririn fili tsakanin babban titi da layin dogo, wanda kowa ke wucewa a duhun asuba yana sauri zuwa can ciki. Manyan mazan barewa na kwanciya a irin waɗannan wurare suna jin ƙarar rufe ƙofar mota. In za ka zaɓi irinsu, ka tuna doka ta hana harbi da bindiga a cikin yadi 150 daga gidan da ake zaune ba tare da izinin masu gidan ba, da baka kuwa yadi 50.

Bayan ka ware wuraren da mutane ba sa kaiwa, sai ka tambayi kowanne abin da barewa za ta ci da inda za ta ɓuya. Daji mai dogayen itatuwa wanda kake hangen yadi ɗari biyu a ƙarƙashinsa yana da daɗin kallo, amma ba shi da komai a tsayin bakin dabba. Wurin da aka sare shekara uku zuwa goma da suka wuce, wanda ya tsiro da ƙananan itatuwa da ƙaya har mutum ba ya iya kutsawa, shi ne ɗakin kwana da rumbu gaba ɗaya. A hoton tauraron ɗan'adam irin wannan wuri yakan fito da launi mai haske da gefuna miƙaƙƙu, kuma idan ka koma tsofaffin hotuna a Google Earth za ka iya gane shekarar da aka yi sarar. Haka nan kurmin lorel, ɗan itacen nan mai koren ganye rani da damina wanda furensa ne alamar jihar, yana rufe gangaren tsaunuka da yawa, kuma nan dabbobi ke shigewa idan harbi ya yi yawa. Ba a farauta a tsakiyar irin wannan sarƙaƙiya, a bakinta ake dako, inda ta haɗu da daji mai sarari.

Abincin kaka mafi girma shi ne 'ya'yan itacen ok, kuma ya kamata ka koyi bambanta iri biyu. Farin ok yana da ganye mai zagayayyen baki da ɓawo mai haske, 'ya'yansa ba su da ɗaci sosai, suna zuba da wuri, kuma barewa kan bar komai ta zo gare su a farkon Oktoba lokacin farautar baka, amma ba sa daɗewa a ƙasa. Jan ok yana da ganye mai tsinin baki, 'ya'yansa na ɗaukar shekara biyu kafin su nuna, sun fi ɗaci, amma suna jure sanyi, don haka su ake ci a Disamba lokacin bindiga. Ba kowace shekara itatuwan ke yin 'ya'ya ba. Tudun da ya cika da sawu bara yana iya zama fayau bana, shi ya sa nake komawa a ƙarshen Agusta da madubin hangen nesa in duba rassan sama kafin in yanke shawara. Ruwa kuwa, wanda a dajinmu na gida shi ke tara dabbobi da rani har maharbi ya yi dako a mashaya, ba shi da wannan daraja a nan, domin kusan kowane kwari da ƙoramarsa.

Siffar ƙasa ita ce ke gaya maka inda dabbar za ta bi tsakanin makwanci da abinci, kuma layukan tsayi da ke kan taswira suna nuna ta sarai. Barewa ba ta son ɓata ƙarfi kuma ba ta son a hange ta a kan tsololuwa. Tana ƙetare tsauni ta inda ya lotsa tsakanin tuddai biyu, tana bin ɗan dandalin da ke gefen gangare wajen kashi ɗaya cikin uku daga sama, tana zagaye kan kwazazzabo maimakon ta faɗa cikinsa, kuma tana bin siririn kurmin da ya haɗa manyan dazuzzuka biyu. Inda abu biyu ko uku daga cikin waɗannan suka haɗu kusa da sarƙaƙiya, nan za ka sa alama.

Amma wuri ba ya zama naka sai iska ta yarda. Da kaka iskar jihar ta fi busowa daga yamma da arewa maso yamma, sai dai a cikin tsaunuka akwai wata ƙaramar iska da ke bin zafin ƙasa: da safe idan rana ta dumama gangare takan hau sama, da yamma idan ƙasa ta huce sai ta gangaro ta bi kwari kamar ruwa. Ƙasan kwari yakan fi ko'ina sawu, amma iska na juyawa a cikinsa ta kai warinka kowace kusurwa, don haka yawanci ba ya farautuwa. Akwai wata ciyawa a nan, 'yar'uwar tumfafiya ce, kwasfarta na fashewa da kaka ta fitar da farin gashi iri ɗaya da na tumfafiyarmu. Ka tara kwasfa biyu a aljihu, ka riƙa sakin gashi ɗaya-ɗaya a duk wurin da kake tunanin zama, ka bi shi da ido har yadi talatin, za ka ga yadda yake lanƙwasa ya koma inda ba ka zata ba. Kuma ka auna hanyar shigarka da wannan ma'auni, domin wurin da ba za ka iya kaiwa ba sai ka ratsa makwanci ko ka tura warinka cikinsa, ka riga ka ɓata shi kafin ka zauna.

Lokacin da ya fi dacewa da leƙen daji shi ne daga ƙarshen farauta zuwa farkon Afrilu, kafin ganye ya tsiro. A lokacin duk alamun kakar da ta wuce suna nan a fili, kuma ko ka tayar da dabba tana da watanni ta manta. Za ka ga ƙananan itatuwan da namiji ya kurje ɓawonsu da ƙaho, da wuraren da ya tone ƙasa da kofato, faɗin faifai ko fiye, a ƙarƙashin reshen da ya sauko daidai kansa. Irin wannan tono a bakin fili yana burge ido, amma akasari da dare ake zuwa masa. Wanda ke cikin duhuwa kusa da makwanci shi ne mai daraja. Wata ranar Maris na hau wani gangare da na daɗe ina wucewa saboda tsayinsa, na iske ɗan dandali wanda faɗinsa bai fi taku goma sha biyar ba. A gindin wani itace da ya faɗi akwai lotsattsen wuri mai siffar ƙwai, ganyen ya danne ya yi santsi, ga fararen gashin ciki a manne da shi, ga kashi manya-manya a gefe. Na durƙusa a ciki na duba yadda mai wurin ke dubawa. Gungumen na bayansa, iskar yamma na zuwa ta kan tudu ta kawo masa warin duk abin da ke baya, gabansa kuwa yana hangen kwarin gaba ɗaya har da hanyar da maharba ke bi. Daga ranar, duk makwancin da na samu sai na durƙusa a ciki, domin daga nan ake gane ta inda za a iya kusantarsa.

A wannan zagayen ka riƙa lura da alamun mutane kamar yadda kake lura da na dabba: tsummokin lemo da aka ɗaura a rassa, ƙananan ƙusoshi masu ƙyalli da ake kafawa domin gane hanya da tocila, kwankon harsashi, tabon kujera a jikin itace, kyamarar da aka ɗaure. Wuri mai sawu da yawa da alamun mutum uku bai kai wuri mai sawu kaɗan da babu kowa ba. Idan ka samu dama, ka zagaya wuraren ajiye motocin filayen da ka zaɓa a ranar Asabar lokacin farauta, ka ƙirga motoci, ka rubuta. Ka kuma kiyaye iyaka. Filayen hukumar namun daji da gandayen dajin jiha ana shafa wa itatuwan iyakarsu farin fenti, kuma tun 2020 shunin fenti a jikin itace na nufin filin wani ne, an hana shiga, daidai da allon gargaɗi. Ko dabbar da ka harba ce ta tsallaka can, sai ka nemi izinin mai filin kafin ka bi ta. Ka fesa wa tufafinka maganin kaska, ka duba jikinka da ka dawo, domin jihar na cikin waɗanda cutar da kaska ke yaɗawa ta fi yawa a Amurka.

Akwai abu ɗaya da nake so ka auna kafin ka amince da kowane wuri, wato yadda za ka fitar da nama. A shekarata ta biyu na harbi namiji da la'asar a ƙasan wani kwazazzabo, mil ɗaya da rabi daga mota, ni kaɗai. Na ambaci sunan Allah da na harba, na iske shi da sauran rai na yanka, na fede cikin, sannan na fara jan sa zuwa sama a kan duwatsu da gungume. Ban isa mota ba sai tsakar dare, waya ba ta da sabis, iyalina kuma na can hankalinsu a tashe. Da ranar ta yi zafi da naman ya lalace a hannuna, kuma da alhakin dabbar na kaina. Tun daga lokacin nake fifita wurin da zan hau da asuba in gangaro da kaya, ko wanda ke kusa da rufaffiyar hanya da amalanke mai ƙafa ɗaya ko biyu zai iya bi, kuma ba na fita sai na bar wa mutanen gida taswira da alamar inda zan zauna da lokacin da zan fito.

Daga filaye uku ko huɗu da ka fara da su, bayan ka taka su za ka ga ɗaya ko biyu sun fita daban. A cikinsu ka tanadi wuraren zama biyar ko shida, wasu na iskar yamma, wasu na iskar kudu ko gabas, ɗaya kusa da mota domin ranar da ka tashi aiki a makare. Ranar buɗe farauta ka isa awa ɗaya da rabi kafin gari ya waye, da hula da riga masu launin lemo da doka ta wajabta, aƙalla inci 250 murabba'i da ake gani ta kowane gefe. In ka tarar da mota a inda ka saba tsayawa, ko ka hangi hasken tocila a wurin da ka tanada, ka ɗaga masa taka tocilar ya san ka gan shi, ka juya ka nufi wuri na biyu. Kuma ka tafi da abincin rana ka zauna har azahar ta wuce, domin wajen ƙarfe goma zuwa sha biyu sanyi da yunwa ke tayar da yawancin maharba su nufi motocinsu, kuma tafiyar tasu ce ke koro bareyi zuwa gangare da sarƙaƙiyar da ka zaɓa.